Hashtag a cikin imel: yadda alamar diyez ke kai labari rukuninsa a shafin intanet

Alamar nan # da muke dannawa daga ƙarshe in za mu duba kredi ko mu sayi forfe, wadda a nan Nijar muke ce wa diyez, tana da wani aiki na dabam a intanet. In aka manna ta a gaban kalma, babu fili tsakaninsu, kamar #Maradi ko #albasa, to kalmar ta zama abin da ake kira hashtag. Wasu kafofin labarai na Hausa suna ce masa maudu'i. Amfaninsa shi ne tara rubuce-rubucen da suka shafi abu guda a wuri guda, ta yadda wanda ya taɓa kalmar zai ga sauran ƴan uwanta sun jeru, na jiya da na bara.

Duk wanda ya taɓa aika kaya a tasha ya riga ya san dabarar. Buhunan gero kamarsu ɗaya, abin da ke sa na Agadas ya tafi Agadas, na Ƙonni ya sauka Ƙonni, shi ne sunan da ɗan kamasho ya rubuta a jikin buhun. Labari ma haka yake in ya shiga shafin intanet. Shafin da aka shekara biyar ana zuba masa labarai, in ba a sa wa kowane labari shaidarsa ba, ɗanmu da ke Kumasi ko Abijan, mai son jin abin da ke faruwa a garinsu, sai ya yi ta ja da yatsa har megarsa ta ƙare bai kai ga abin da yake nema ba.

Ɓangaren da za mu yi bayani a kai ba a cika maganarsa ba: yadda mutum ke sa hashtag a cikin saƙon imel, saƙon ya tafi ya zama labari a shafi, ya kuma faɗa rukunin da ya dace da shi ba tare da wani ya zauna ya jera shi da hannu ba.

Daga ina abin ya fito

Alamar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A Amurka an daɗe ana amfani da ita a maimakon kalmar lamba, da kuma wajen awon nauyi na fam. A shekarun 1960 injiniyoyin kamfanin tarho na Bell suka sa ta, ita da tauraro, a jikin tarho mai maɓallai, kuma daga nan ne ta biyo har cikin salularmu. Sunan diyez daga Faransanci muka aro shi, asalinsa sunan wata alama ce ta rubutun kiɗa da ke kama da ita. Masu tsanantawa kan harshen Faransanci sun ce sunanta na gaskiya croisillon, amma je ka faɗi haka a wurin mai sayar da kredi ka gani ko zai gane ka.

A 1988 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro wata hanyar hira ta kwamfuta mai suna IRC, inda daga baya aka riƙa fara sunan ɗakunan hira da wannan alama. Can ne wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ya ɗauko ta. Ranar 23 ga Agusta 2007 ya rubuta a Twitter, wanda tun 2023 ake kira X, yana ba da shawarar a riƙa sa diyez a gaban kalma don haɗa masu magana kan abu guda. Misalin da ya kawo shi ne #barcamp, sunan wani taron masu harkar kwamfuta. Masu kamfanin ba su ɗauki shawarar da zafi ba. Wata biyu bayan haka, cikin Oktoba, gobarar daji ta tashi a yankin San Diyego na jihar Kaliforniya, mutane suka shiga rubuta #sandiegofire don kowa ya san inda wuta ta kai da hanyar da aka rufe. A nan jama'a suka ga amfanin abin da idonsu. Sai a Yuli 2009 Twitter ya mai da kowane hashtag abin da ake taɓawa ya buɗe. Instagram ya biyo a 2011, Facebook a Yuni 2013. A Janairun wannan shekara ta 2013 hukumar Faransa mai kula da sababbin kalmomi ta ce a riƙa kiransa mot-dièse, sunan da bai kama bakin mutane sosai ba.

A yankinmu, wanda aka fi tunawa shi ne #BringBackOurGirls, bayan sace ƴan mata 276 daga makarantar Chibok a jihar Borno cikin Afrilu 2014. Ya zagaya duniya har matar shugaban Amurka ta lokacin, Michelle Obama, ta ɗauki hoto riƙe da takarda mai ɗauke da shi.

Akwai abu guda a wannan tarihi da ya kamata a riƙe. Sa wa rubutu shaida ba Messina ya fara shi ba. Shafuka irin su Delicious, na 2003, da Flickr mai ajiye hotuna, na 2004, sun riga sun ba mutane wani gurbi na musamman da suke rubuta kalmomin shaida a ciki. Sabon abin da hashtag ya kawo shi ne ba ya buƙatar gurbi. A cikin maganar kanta yake zama, diyez ɗin ne kawai ke gaya wa inji cewa kalmar nan shaida ce. Dalilin da ya sa ya dace da imel ke nan, don imel ba shi da gurbin shaida ko ɗaya.

Aika labari zuwa shafi ta imel

Imel ya girmi shafukan intanet da kusan shekara ashirin. A 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙo na farko daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan injin da akwatinsa yake. Har yau fasalinsa bai canza sosai ba. Akwai gurbin adireshin wanda za a aika wa, akwai layin kanu, wato wanda aka rubuta wa Objet in wayarka da Faransanci take, ko Subject in da Ingilishi take, sai cikin wasiƙar, sai abin da aka liƙa mata kamar hoto ko murya.

Shafin da ke karɓar labari ta imel yana ba mai shi wani adireshi na sirri. Duk wasiƙar da ta shiga wannan adireshi, inji zai ɗauki layin kanunta ya mai da shi kanun labari, cikin wasiƙar ya zama labarin, hoton da aka liƙa ya hau ƙarƙashi. WordPress, wanda shafuka masu ɗimbin yawa a duniya suke kansa, yana da wannan hanya, Blogger na kamfanin Google ma haka. Akwai wani kamfani, Posterous, da aka kafa a 2008 kacokan a kan wannan dabara. Twitter ya saye shi a 2012, aka rufe shi ƙarshen Afrilu 2013.

Wani zai ce ina ruwan mutumen Dakoro da wata tsohuwar hanya ta Turawa, ga WhatsApp a hannun kowa? Amsar tana ga rezo. In wakili zai sa labari a shafi ta hanyar da aka saba, sai ya buɗe shafin gudanarwa, ya sa kalmar sirri, ya jira shafi mai nauyi ya gama buɗewa, ya rubuta, ya ɗora hoto. Rezo ya ɗauke a tsakiya, sau da yawa aikin ya koma farko. Imel kuwa kana iya rubuta shi a gona inda babu ko sanda ɗaya ta rezo. Ka danna aikawa, ya zauna a akwatin fita yana jira, da ka hau tudu ko ka shigo gari ya tafi da kansa. Ga shi kuma mafi yawan masu wayar Android suna da adireshin Gmail ko ba su sani ba, tunda da shi aka buɗe musu wayar ranar da suka saye ta. Gmail yana ɗaukar abin liƙawa har mega 25 a wasiƙa guda, wanda ya ishi hotuna da ɗan rahoton murya. WhatsApp yana da sauƙi, gaskiya ne, amma abin da aka aiko ta can sai wani ya zauna a ofis ya kwafe shi ya ɗora, in ba ya nan labarin ya kwana.

Matsalar da ta rage ita ce ta shaida. Wasiƙa ta zama labari, to a wane rukuni? Kowane kamfani sai ya ƙirƙiro nahawunsa. A Posterous, kafin a rufe shi, baka biyu-biyu aka riƙa buɗewa a layin kanu a rubuta kalmar tag da ɗigo biyu, sannan kalmomin. A WordPress, baka mai kusurwa ake buɗewa a cikin wasiƙar a rubuta tags ko category, sannan kalmomin da waƙafi tsakaninsu. Flickr kuma kalmar tags da ɗigo biyu yake nema. Duk sun yi aiki, sai dai wa zai riƙe su a ka? Mantuwar baka ɗaya ta isa ta sa umarnin ya fito tsirara a tsakiyar labari kowa na gani. Shi ya sa wasu suka koma ga abin da mutane suka riga suka iya. Evernote, manhajar ajiye rubuce-rubuce, tana karanta diyez da kalma a layin kanu ta mai da ita shaida. Trello, da ma'aikatu ke tsara aiki da shi, shi ma haka. Masu gina shafuka da yawa sun bi wannan sawu suna ƙara wa nasu shafukan.

Ga misali, na koyarwa ne kawai. A ce wakili ya rubuta a layin kanu: Manoman albasa sun fara kwashe amfani a Galmi #Tawa #albasa #noma. A shafi, kanun zai fito ba tare da kalmomi ukun ƙarshe ba, labarin kuma ya shiga rukunin jahar Tawa, da na albasa, da na noma, lokaci guda. Ɗan kasuwar da ke Kwatano yana jiran labarin albasa zai same shi, ɗan Madawa da ke Libiya mai neman labarin gida shi ma zai same shi, kowa ta ƙofarsa.

Abin da inji ke yi, da inda yake tuntuɓe

Inji ba ya fahimtar magana, ƙa'ida yake bi. Yana bin rubutun harafi bayan harafi, in ya ci karo da diyez sai ya fara tattara haruffan da ke biye da shi har ya iske fili ko wata alamar rubutu, nan ya tsaya. Abin da ya tattara shi ne shaidar. Galibi ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka #Maradi da #maradi abu ɗaya ne. Kalma biyu kuwa dole a haɗe su. In ka rubuta #Dogon Dutsi, inji zai ɗauki Dogon ya bar Dutsi a waje. Sai dai #DogonDutsi, ko a sa ɗan layin ƙasa a tsakani, #Dogon_Dutsi. Fara kowace kalma da babban baƙi yana sauƙaƙa karatu, yana kuma taimakon makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu allo da murya, don da haka take gane inda kalma ta ƙare.

Diyez kuma ba kullum yake nufin shaida ba, a nan mai gina shafi ke shan aiki. Akwai mai rubuta #1 yana nufin na ɗaya, shi ya sa Twitter da wasunsa ba sa ɗaukar lambobi zalla a matsayin hashtag. Akwai adireshin shafukan intanet masu diyez a tsakiya. Wasiƙar da aka ƙawata da launi tana ɗauke da wani rubutu a ɓoye inda ake rubuta kowane launi da diyez da haruffa shida, fari misali #FFFFFF ne, in inji bai tace ba sai ka ga an buɗe rukuni mai wannan suna. A Blogger, #end umarni ne, ma'anarsa labari ya ƙare nan, a zubar da duk abin da ke ƙasa, kamar layin nan da wasu wayoyi ke ƙarawa da kansu mai cewa daga waya kaza aka aiko. Mu kuma muna da tamu ta gida: mai bayanin yadda ake duba kredi ya rubuta lambar da diyez ɗinta, ya manta bai bar fili ba ya ci gaba da cewa sannan, shi ke nan an haifi rukuni mai suna sannan.

Saboda irin waɗannan, shafuka da yawa sun zaɓi su karanta hashtag a layin kanu kaɗai, ko a layin ƙarshe na wasiƙa. A ganinmu layin kanu ya fi, don gajere ne, mai rubutu yana ganinsa gaba ɗaya kafin ya aika. Sai dai a kula da wasiƙar da aka tura daga wani wuri. Tana zuwa da Re ko Fwd ko TR a gaba, da tsofaffin hashtag na wanda ya fara rubuta ta, waɗanda wataƙila ba su da haɗi da sabon labarin.

Inda rubutun Hausa ke shan wuya

Nan ne abin ya fi shafarmu, don waɗanda suka tsara ƙa'idojin nan da Ingilishi suka yi tunani.

Na farko, ɗan waƙafin sama da muke sawa a tsakiyar kalma. A wurinmu harafi ne, sauti ne da ake furtawa. A wurin inji alamar rubutu ce, kuma mun ce in ya iske alamar rubutu tsayawa yake. To duba kalmomin da gidan radiyo ya fi buƙata. #Juma'a zai koma Juma. #sana'a zai koma sana. #jana'iza zai koma jana, #ta'aziyya kuwa ya koma ta, kalmar da ba ta nufin komi ita kaɗai. Sanarwar rasuwa na cikin abin da ƴan uwa na nesa suka fi buɗe shafi dominsa. Mutum yana Legas ya ji ƙishin-ƙishin an yi rashi a danginsu, ya nemi rukunin ta'aziyya, alhali sanarwar tana can ƙarƙashin ta. Mafita a nan guda biyu ce. Ko a yarda a riƙa rubuta hashtag ɗin ba waƙafi, #taaziyya, inji kuma ya san cewa rukunin Ta'aziyya ake nufi, ko a zaɓi kalmar da ba ta da waƙafi tun farko, kamar #rasuwa.

Wannan ma ya taɓa bambancin rubutun Nijar da na Najeriya. A can, sautin farkon kalmar ƴan kasuwa da waƙafi da y ake rubuta shi. A nan, ƙa'idar rubutunmu ta ba shi harafi guda mai lanƙwasa, ƴ. A hashtag namu ya fi sa'a, don #ƴankasuwa yana tsayawa cur tunda ƴ harafi ne a idon inji. In aka bi rubutun Najeriya, diyez zai ci karo da waƙafi tun a matakin farko, hashtag ɗin ba zai ma haihu ba.

Na biyu, haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. A wurin inji k da ƙ ba su haɗa komi ba, kamar yadda b da m ba su haɗa ba. Wanda ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa zai rubuta #Ƙonni, wanda bai sa ba zai rubuta #Konni, labaran gari guda su rabu gida biyu. Cire ƙugiyar gaba ɗaya ma yana da nasa haɗari, kowa ya san ƙasa dabam, kasa dabam, ɓarawo bai zama barawo ba sai don dole. Ga shi kuma imel asalinsa haruffan Ingilishi kawai aka gina shi ya ɗauka. Sai a farkon shekarun 1990 aka fito da hanyar naɗe sauran haruffa a cikin wasu lambobi su wuce, a warware su a can gaba. In injin shafi bai iya warwarewa ba, kanun da ke da ƙ ko ɗ zai fito da wani tarkace mai farawa da =?UTF-8? wanda ba mai iya karantawa. Duk wanda ke biyan mai gina shafi, ya sa a gwada masa wannan a gabansa kafin ya biya: a aika wasiƙa mai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a layin kanu, a ga yadda za ta fito. Mai saka Gboard a wayarsa kuma yana iya ƙara Hausa cikin harsunan allon, haruffan suna nan. A kwamfuta mai allon Faransanci irin na sibar, diyez yana kan maɓallin 3, ana danna shi tare da AltGr.

Na uku ya fi su duka girma, kuma ba laifin inji ba ne. Garuruwanmu suna biyu-biyu gare su, na baki da na takardar gwamnati. Damagaram da Zinder. Tawa da Tahoua. Yamai da Niamey. Tasawa da Tessaoua, Gidan Rumji da Guidan Roumdji, Matamai da Matameye. Wanda ya yi lakkol zai rubuta na Faransanci, wanda ya koyi boko a makarantar yaƙi da jahilci ko a Kano zai rubuta na Hausa, kowa kuma yana da gaskiya. Sunan ƙasar ma bai tsira ba. Wanda ya nemi #Niger a Facebook ko X zai samu labaranmu gauraye da na jihar Neja ta Najeriya, mai hedikwata a Minna, don da Ingilishi rubutunsu ɗaya. #Nijar ba shi da wannan ruɗani.

Wa ke da ikon raɗa suna

Daga nan tambaya ta taso da kowane shafi sai ya amsa: in wasiƙa ta zo da hashtag da ba a taɓa gani ba, a buɗe masa sabon rukuni ko a ƙi? A Twitter da Facebook ƙofa a buɗe take, kowa ya raɗa abin da ya ga dama, kuma da haka ne #sandiegofire ya samu a ranar da ake buƙatarsa ba tare da jiran izinin kowa ba. Evernote ya bi ɗaya hanyar, shaidar da ka sa a imel sai in ka riga ka ƙirƙire ta a cikin manhajar take aiki.

Ga shafin labarai na karkara, mu dai muna ganin buɗe ƙofa gaba ɗaya ɓarna ce. Wakilai goma, wata shida, za ka iske #gero, #hatsi, #hatci, #mil da #cimaka, kowanne da labari biyu-uku a ciki, babu wanda ya cika. Manomin da ke son ya kwatanta kuɗin tiya na bana da na bara ba zai samu jerin da zai bi ba, alhali labaran duk suna nan a warwatse. Abin da ya fi shi ne a zauna a yarda da ɗan jeri gajere, sunayen jahohi da manyan garuruwa, da batutuwa kamar noma, kiwo, kasuwa, lafiya, makaranta, rasuwa, cigiya. Kowane suna a rubuta masa ƴan uwansa a cikin inji, ta yadda ko #Zinder aka rubuta ko #Damagaram wuri ɗaya za su faɗa, ko #Konni ko #Ƙonni duk ɗaya. Wanda ya zo sabo kuma kada a jefar da shi, a ajiye shi gefe edita ya duba. Ranar da ambaliya ta zo ko fari suka sauka, shi ne zai buɗe sabon rukuni da suna guda, ya sanar da kowa. Jerin nan a buga shi a takarda a ba kowane wakili, a kuma karanta shi a iska, don mai nema ma sai ya san sunan kafin ya nema.

Yawan hashtag a labari guda shi ma ba ya ƙara komi. Biyu ko uku sun isa, ɗaya na wuri, ɗaya na batu. Labarin da aka liƙa wa goma ya shiga rukunai goma, takwas daga ciki ya zame wa masu nema ƙaiƙayi.

Adireshin sirri da abin da ke iya biyo baya

Sauƙin hanyar nan shi ne kuma haɗarinta. Adireshin da ake aika wa labari makulli ne. A Blogger, misali, sunan mai shafi ne da wata kalmar sirri da ya zaɓa. Duk wanda ya san shi yana iya sa rubutu a shafin da sunan gidan. Yana fita ta hanyoyi masu sauƙi: wakili ya aika wasiƙa guda ga shafi da wasu mutane biyar a tare, duk sun ga adireshin. Ko waya ta ɓata a kasuwa, ko a bar akwati buɗe a sibar. Dogara da sunan wanda ya aiko ma bai isa ba, don ƙa'idar aika imel, wadda aka tsara tun 1982, ba ta tantance ko mai aikawa shi ne wanda ya ce shi ne. An ƙaro hanyoyin tantancewa daga baya, masu suna SPF da DKIM, amma sai injin shafi yana duba su suke amfani.

Hashtag yana ƙara wa abin gudu. A shafukan da aka haɗa da Facebook ko wasu wurare, kalma guda a layin kanu tana iya sa rubutu ya bazu ko'ina cikin minti ɗaya. Labarin ƙarya na rasuwar wani, ko zargin sata da aka ambaci sunan mutum, in ya fita ƙarƙashin sunan garinsu, danginsa na waje ne za su fara gani. A Nijar akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta wannan hanya. Wanda sunansa ke kan shafin shi za a fara nema.

Don haka masu hankali ba sa barin wasiƙa ta hau shafi kai tsaye. Blogger da WordPress duka suna da zaɓin ajiye abin da ya shigo ta imel a matsayin daftari, ya jira edita ya karanta ya danna. Hashtag ya riga ya yi aikinsa na jerawa, abin da ya rage wa edita dubawa ce ta minti biyu daga wayarsa. Inda tsarin shafi ya ba da dama, kowane wakili a ba shi nasa adireshin, in waya ta ɓata a soke nasa kaɗai a ba shi sabo.

Ga masu karatu kuwa, ba sai kuna da imel ba kafin ku ci moriyar abin. A shafin labarai, kalmomin shaida galibi suna ƙasan labari ko a gefensa, taɓa ɗaya ya isa. A Facebook, X, Instagram da Telegram, hashtag yana canza launi, ana taɓa shi ya buɗe. A hirar WhatsApp ba ya buɗe komi, rubutu ne kamar kowane rubutu, amma in ƴan ƙungiyar gari sun saba sa #rasuwa ko #cigiya a sanarwarsu, sai ka je wurin nema mai alamar madubi ka rubuta kalmar da diyez ɗinta, saƙonnin da ke ɗauke da ita su fito.